Kunnen Hagg Sarwat

A shekarar dubu biyu, wata Asabar da hantsi, Narmin ta shiga ɗan shagon gyaran kwamfuta da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Sharbin, rungume da littattafanta na jami'a. Wagdi, mai shagon, yana durƙushe gaban wata kwamfuta da ya farke wa ciki, sukudireba a bakinsa.

"Kai ne mai raba faifan Linux?" ta tambaya.

Ya ɗago kai, sukudireba ta faɗi ƙasa.

"Ni ne, ya anisa, 'yammata. Kyauta ne, amma da sharaɗi. Duk wanda ya karɓa sai ya dawo ya faɗa mini yadda ta kaya."

"Kowa kake gindaya wa wannan sharaɗin?"

"Yau na fara."

Ta karɓi faifan ta fita tana danne dariya. Ta dawo kuwa, har sau huɗu, kuma ba kowace dawowa ce ke da tambayar kwamfuta a cikinta ba. Wagdi dai ɗan mutunci ne, bai tsaya ɓata wa 'yar mutane suna a bakin shago ba. Bayan wata uku ya tura kawunsa gidansu neman aurenta.

Mahaifinta, Hagg Sarwat, wato Alhaji Sarwat, shekara talatin da huɗu ya yi a ofishin waya yana hawa turke yana sauraron layi kafin ya yi ritaya. Mutum ne mai magana ɗaya. Ya ba baƙon shayi, sannan ya ce a'a.

"Yaro mai difloma, shagonsa ko mutum uku bai ɗauka? Ga Hazim nan, ɗan yayar uwarta, injiniya da takardarsa."

Ana cikin haka sai aka ƙara wa wuta mai. Narmin ta ɗora Linux a kwamfutar gida, a madadin tsohuwar manhajar da ke tafiyar da ita. Komai ya yi kyau, sai abu guda: modem, na'urar da ke kiran intanet ta layin wayar gida, ya yi gum. A makon nan kuma yayanta Midhat ya bugo daga Sharja, can ƙasar waje, matarsa ta haihu, namiji, an sa masa sunan kakansa, hoton yana cikin imel.

Hagg Sarwat ya ja kujera gaban kwamfuta ya sa tabarau. Ba hoto.

"Faifan wa kika sa a ciki?"

Narmin ta sunkuyar da kai.

"Na sani ai. Faifansa kawai ya shigo gidana ya raba ni da jikana. In ya shigo da ƙafarsa me zai rage?"

Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Wagdi saƙo a wayar hannu:

"Baba ya ɗora maka laifin duka. Kwamfuta ba ta ganin modem sam. Ina tsoro, ya albi, zuciyata."

Amsa ta zo nan take: "Kada ki yi kuka, sukarina. Karanto mini lambobin da ke jikin modem ɗin."

Ta tura masa. Daga nan shiru. Ta yi masa filashin da safe, ta yi da rana, bai mayar ba. A wancan zamanin, ƙara ɗaya a katse yana nufin "kina raina," rashinsa kuma kowace yarinya ta san abin da yake nufi. Kwana uku Narmin ba ta iya cin ko lomar waken ful ba.

Ranar Talata Hazim ya zo da taye a wuya da sabon modem a kwali. Ya jona, ya danna, ya sake dannawa. Hagg Sarwat ya matso.

"Bari in ji abin da yake yi wa layin."

"Huta kawai, ya ammu," in ji Hazim, ko juyowa bai yi ba. "Wannan ba wayar zamaninku ba ce."

Tsohon ya koma kujerarsa. Hazim ya yi awa biyu, ya cinye farantin basbusa, ya ce laifin kayan kyauta ne, ya kwashe kwalinsa ya tafi.

Narmin ta sake rubutawa: "In ka gaji da ni ka faɗa. Na fi son gaskiya."

Sai a lokacin wayarta ta yi ƙara:

"Ina Alƙahira wajen 'yan'uwanmu masu Linux. Modem ɗinku irin mai rabin kai ne, sai da direbansa. Na samo. Kunya ce ta hana ni amsa miki hannu rabbana. Gajiya da ke kuwa, sai dai in kogin Nilu ya gaji da gudu. Alhamis bayan la'asar."

Ta karanta sau bakwai, sannan ta mayar: "Maƙaryaci. Ka zo da wuri."

Direban nan ba mai tuƙi ba ne. Wata 'yar manhaja ce da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da modem.

Ranar Alhamis Wagdi ya ƙwanƙwasa ƙofa, riga a goge, ƙaramin faifai a aljihu. Hagg Sarwat ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai aikin ɓarnar?"

"Ni ne, ya hagg. Na zo in gyara abin da na ɓata."

"Daga nan zuwa kiran magariba. In an kira salla ban ga jikana ba, kada in sake ganin inuwarka a titin nan."

Wagdi ya zauna. Baƙin allo, fararen haruffa suna gudu. Direban ya ƙi shiga da farko, ya gyara wani layi, ya sake. Can sai Narmin, da ke tsaye bakin ƙofa kusa da mahaifiyarta Sitt Nagwa, ta ce, "Ta gan shi! Baba, kwamfuta ta ga modem!"

"Ni ban ga kowa ba," in ji tsohon.

Wagdi ya sa a kira lambar intanet. Aka jira. Ya katse. Ya sake, ya katse. Karo na biyar gumi ya jiƙa masa ƙeya, rana kuma ta sauka kan rufin maƙwabta. Da wani saurayin ne da sai ya hau kame-kame, ya ce kamfani ne, ya ce wuta ce. Wagdi ya ƙure ƙarar modem har kowa a ɗakin zai iya ji, sannan ya tashi daga kujerar.

"Ya hagg, iyakar sanina ke nan. Kwamfuta na sani, layi ban san shi ba. Kai ka san shi. Don Allah ka saurara mini."

Hagg Sarwat ya daɗe yana kallonsa. Ya tashi a hankali, ya karkatar da kunnensa na dama wajen na'urar, ya rufe ido.

"Sa shi ya kira."

Modem ya yi 'yan ƙananan sautuka, tit-tut-tit.

"Sake."

Ya sake. Tsohon ya buɗe ido ya yi tsaki.

"Sakarai! Waƙa yake rera wa layina. Layina ba ya jin waƙa, ƙwanƙwasa yake ƙirgawa." Ya jawo tsohuwar baƙar wayarsa mai juyi, ya sa yatsa ya juya bakwai, ta dawo tana tak-tak-tak. "Ka ji? Tun yaushe mutanen ofishin waya suke bina in cike takarda a mayar da shi na zamani, na ce ba da ni ba."

Narmin ta dafe kai. "Wayyo! Midhat ya saita haka kafin ya tafi, ni na goge ban sani ba."

"Zo ki gyara da hannunki, ya anisa," in ji Wagdi, ya ja baya.

Ta zauna ta canza saitin. Modem ya fara tak-tak-tak, ya yi shiru, sannan ya ɓarke da ƙugi da ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Sitt Nagwa ta toshe kunne. Hagg Sarwat kuwa ya ɗaga yatsa sama.

"Sun gaisa," ya ce.

Hoton ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi. Farin zane. Baƙin gashi. Goshi. Idanu a rufe. Tsohon ya matso har numfashinsa na taɓa gilashin.

"Hancin gidanmu ne wannan! Nagwa, zo ki gani, bai bar muku komai ba!"

Sitt Nagwa ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta taga. Daidai nan aka kira magariba. Wagdi ya ɗauki faifansa ya nufi ƙofa.

"Ina za ka? Wa ya sallame ka?" Tsohon yana goge tabaransa, bai yarda a ga idonsa ba. "Wuce mu yi salla. Ka ce wa kawunka ya zo gobe bayan masallaci a karanta Fatiha."

"Diflomar fa, ya hagg?" Sitt Nagwa ta tambaya, tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Na ga mai takarda ranar Talata. Wanda ya iya cewa ban sani ba a gaban uban yarinya, shi zan ba 'yata."

Kafin Wagdi ya kai bakin titi saƙo ya shigo: "Mabruk, ya bashmuhandis ɗina," wato babban injiniya. Ya mayar: "Babanki ne bashmuhandis. Ni naki ne kawai."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. An sha jan sharbat har ya ƙare aka sake haɗawa, Hazim ma ya zo ya yi musu murna, ba laifi. Hagg Sarwat ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya yana ba su labarin yadda ya gyara intanet da kunnensa, yaron kuma ya ɗan taimaka da danne-danne. Narmin ta zunguri angonta.

"Ba za ka ce komai ba?"

"In ce me? Ya ba ni ke. Na bar masa intanet ɗin duka."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin magana, Ya ja kwanan tsohon har ya ɗauki 'ya'yansu a cinyarsa. Amin.