Ɗan Magini da Ƙwallon Fata

A wani ƙauye can bakin kogi, an yi wani yaro ɗan magini wanda bai taɓa buga ƙwallo ba sai ta tsumma. Ita kuwa ta tsumma, inda ka tare ta, nan take zama.

Rannan sai yaran ƙetare suka zo da ƙwallon fata, suka ce duk waɗanda suka ci wasa, ƙwallo tasu ce.

Aka miƙo wa yaro ƙwallo, ya sandare ƙafa, ta buge shi ta yi gaba. Aka sake miƙo masa, ya sandare ƙafa, ta buge shi ta yi gaba. Sai babban yaran ƙauyensu ya ce, "Kai, ƙafa gare ka ko turmi? In ta sake kuɓuce maka, ka fita ƙanena ya shiga."

Yaro ya dubi gefen fili, ya hango babansa bisa katanga ana jefa masa tubali. Kowane tubali ya zo, sai baban ya ja hannu baya tare da shi, ya sauka ko tsagewa babu.

Sai ga ƙwallo daga sama, yaran ƙetare biyu sun taso masa. Ya ɗaga ƙafa ya tarye ta, ya sauko tare da ita a hankali. Ta kwanta kamar ta tsumma. Ya tura wa babban, babban ya zura ta a raga.

Babban ya ce, "Wa ya koya maka?"

Yaro ya nuna katanga. Baban ko waiwaye bai yi ba, yana ta cewa, "Jefo wani."