Musayar Suna a Hanyar Tsafe

Haliru ne ya kawo shawarar fita yawon. Ya ce tunda ya sayi mota bai taɓa ɗaukar abokansa sun sha iska ba. Kamilu, wanda ya kwashe makonni yana duƙe a kan keken ɗinkin kayan Sallah, bai yi musu ba. Tare suka tashi da Haliru a unguwa ɗaya a Gusau. Da Allah ya ba Haliru ɗa bayan dogon jira, sunan Kamilu ya raɗa masa. Na ukunsu Mahadi ne, malamin firamare, mai yawan barkwanci.

Da hantsi suka nufi Bungudu. Damina ta kankama, gero ya rufe gefen hanya. Suka tsaya suka kalli gulbi ya cika har baki, suka ɗauki hotuna, sannan suka zauna wurin wata mai waina. A nan Haliru ya cire hularsa ya kifa wa Kamilu.

"Yau mun yi musaya," in ji shi. "Kai ne Haliru mai mota, ni ne tela. Inna, ƙara wa Alhaji Haliru miya!"

Suka fashe da dariya. Wasan ya bi su duk yini. Sun ratso Gusau, sun tsaya gindin Dutsen Kwatarkwashi suna ɗaga kai har wuya ya gaji. Sun yi azahar a Tsafe, sun ci balangu a takarda, Mahadi ya sayi rake. Ko'ina aka ce "Haliru", Kamilu ke amsawa, har da gyara zaman hula yana tafiyar masu kuɗi. Abu biyu ya lura da su: tun daga Tsafe Mahadi ya daina raha, Haliru kuma bai taɓa naman ba.

Rana ta yi ja lokacin da suka juyo gida. Ba su yi nisa ba Haliru ya sauka daga kwalta ya bi wata hanyar shanu.

"Ina kuma za mu?" in ji Kamilu. "Magariba ta kusa."

"Wuri guda ya rage. Akwai wani tafki bisa dutse, in ba ka gan shi ba ba ka ga komai ba."

Motar ta tsaya inda hanya ta ƙare. Mahadi ya ce cikinsa na murɗa, su je su dawo. Bai ɗago ya dubi Kamilu ba.

Suka hau su biyu. Dutsen ba shi da tsawo, kuma da sauran ɗumin rana a jikinsa. Daga ƙasa ana jin kwaɗi da kukan shanu daga nesa. Da suka kai tsakiya sai duk ya ɗauke, kamar an rufe ƙofa. Kamilu ya ji ƙarar takalminsa kaɗai.

Sai wari. Turaren wuta, gauraye da ƙarnin jini.

Sai kuma daka. Dum. Dum. Ba daga wani ƙauye ba. Daga ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

"Haliru, kana ji?"

"Tahi dai," Haliru ya ce da raɗa. "Mun iso."

Tafkin ƙarami ne, ruwansa baƙi ƙirin. Sama ta yi ja, amma ruwan bai nuna ta ba. A bakinsa wata tsohuwa na zaune ta juya baya, tana wanke ƙwarya. Zanenta fari ne, a bushe, duk da gefensa na cikin ruwa.

Kamilu ya yi sallama. Ba ta amsa ba.

Dakan ya tsaya.

"Cikinku wane ne Haliru ɗan Amina?"

Tana gabansu, amma muryar daga bayan kunnen Kamilu ta fito. Ya ji hucin numfashi a ƙeyarsa, mai sanyi.

Ya juya zai kama hannun abokinsa su gudu. Sai ya ga Haliru ya riga ya ja da baya. Ya sunkuyar da kai, ya nuna Kamilu da yatsa.

"Ga shi nan, Inna. Ga hularsa a kansa. Duk yini da sunan ake kiransa."

Kamilu ya so ya yi dariya. Ya nemi wasan a fuskar Haliru. Babu wasa. Hawaye ne kawai, da idon da ya ƙi haɗuwa da nasa.

"Haliru," tsohuwar ta kira, a hankali, kamar uwa mai tada ɗanta.

"Na'am."

Bakinsa ne ya faɗa. Sabawa da sunan yini guda ta riga hankalinsa.

Ƙafafunsa suka yi nauyi. Hular ta matse kansa kamar an ɗaure da igiya. Ya ji gudun Haliru yana gangarawa, tsakuwa na zubowa. Ya ji an buga ƙofar mota. Ya ji injin ya tashi.

Ya saurara ko za a jira shi.

Ƙarar ta yi nisa, ta ɓace.

Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar. Ta fara miƙewa. Ta ci gaba da miƙewa. Kanta ya wuce tsawon mutum, bai tsaya ba, kuma har yanzu bayanta yake gani.

"Haliru."

Harshensa ya ɗaga da kansa. Ya datse shi da haƙori. Jini ya cika masa baki.

Ruwan ya fara hawowa. Ya taɓa yatsunsa. Ɗumi ne da shi, kamar jikin dabba.

Ya nemi Ayatul Kursiyyu. Farkonta ya ɓace masa.

Wuyanta ya fara juyowa.

Ya sa hannu biyu ya fizgi hular. Ta ƙi. Ya sake fizga da dukkan ƙarfinsa, ta fito da gashi da fata. Zafin ya buɗe masa ƙirji.

"Ni Kamilu ne!" ya ƙwala. "Kamilu ɗan Wasila! A'uzu billahi!"

Ya jefa hular cikin ruwan. Ƙafafunsa suka saku.

Bai san yadda ya sauko ba. Ya faɗi, ya mirgina, ƙaya ta yage masa riga. Dakan ya biyo shi ta ƙarƙashin ƙasa, yana sauri. Bai waiwaya ba har ya faɗa tsakiyar garken shanu masu komawa ruga. Warin kashinsu da ɗumin jikinsu ya rufe shi. Makiyayin, wani dattijo mai suna Jibo, ya ɗaga shi bai tambaye shi komai ba. Daga wani ƙauye can nesa aka fara kiran salla. A rugar ya kwana, da safe aka sa shi a mota zuwa Gusau.

Yana kwance da zazzaɓi Mahadi ya zo, ya durƙusa bakin ƙofa ya kasa shigowa.

"A Tsafe Haliru ya gaya mini," in ji shi. "Shekarun baya ya je wurin nan neman haihuwa. Aka ba shi, aka ce idan yaron ya yi wayo shi Haliru zai dawo ya miƙa kansa. Ya rantse mini in an ga ba shi ba ne za a sake ka."

"Kai kuma ka yarda."

"Na ji tsoro, Kamilu."

"Ka ji injin ya tashi, ka zauna."

Kamilu ya juya fuskarsa bango.

Bayan damina Sa'adiya, matar Haliru, ta zo shagon ɗinki tana kuka. Ta ce mijinta ya daina fita, ya daina ci, sunan Kamilu kawai yake ambata. Ta roƙe shi don darajar zumunci ya zo. Kamilu ya ajiye ɗinkin da ke hannunsa. Sannan ya tashi ya bi ta.

Haliru ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Ya kama hannun Kamilu da hannu biyu ya yi ta kuka. Ya tuno masa ƙuruciyarsu, da ranar da Kamilu ya goya shi zuwa gida da ya taka kwalba. Ya ce shaiɗan ne, ya ce bai cancanci yafiya ba. Zuciyar Kamilu ta karye. Ya share idonsa ya ce, "Na yafe maka. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya miƙe zai tafi. Ya sa ƙafa ɗaya a waje.

Sai ya ji ƙamshin turaren wuta. Daga bayansa, a hankali, cikin lallashi, aka kira.

"Haliru."

Leɓunansa suka rabu zai amsa. Ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya fita, bai tsaya ɗaukar takalmansa ba.

Kafin wata ya ƙare ya sayar da shagon ya kwashe iyalinsa daga unguwar. Tsakiyar kansa har yau gashi bai sake fitowa ba. Ya ce tsohuwar ba ta cika zuwa masa a mafarki ba. Kiran nan na bakin ƙofa ne ke hana shi barci, don ya saurare shi da kyau, kuma ba muryarta ba ce. Muryar abokinsa Haliru ce.