Kwalbar da Auta Ta Ƙi Cikawa

"Cika min wannan."

Wata 'yar kwalba Yaya ta miƙo wa Auta a ƙofar ɗakin bincike, daidai inda ake tsayar da baƙi. Auta ta tsaya da farar rigar aikinta, hannuwanta cikin safa, ta kasa karɓa. Yaya ce babbar yayar Injiniya, saurayin Auta da ake maganar aurensu, kuma tun da ciwon daji ya kwantar da mahaifiyarsu ita ce ke juya gidan.

"Yaya, ina yini..."

"Riƙe gaisuwarki. Abokiyar aikinki ta gaya min komai. Ta ce kun tace sassaƙen wani itace, kun ga yana hana ciwon yaɗuwa. Umma tana kwance, ke kina zaune a kan magani?"

Auta ta san wace abokiyar aiki ce. Ita ce wadda na'urarta ba ta lalacewa sai ranar da Injiniya ya zo gyaran kayan ɗakin binciken.

"Ba magani ba ne tukuna, Yaya. A faranti kawai muka gwada shi. Ko ɓera ba a ba ba."

"To ki ɗauka Umma ce ɓeran."

"Ba zan iya ba."

Muryarta ta fito can ƙasa, amma ta fito. Yaya ta dube ta sama da ƙasa, ta mayar da kwalbar cikin jaka.

"Ashe shiru-shirun nan ba kunya ba ce, mugunta ce. In dai ina numfashi, ba za ki shigo mana gida ba."

Kwanaki suka shuɗe Injiniya bai kira ba. Shi da yake turo mata saƙo tun da safe, "Likitata, kin ci abinci ko kin ciyar da 'ya'yanki kin manta da kanki?" Haka yake kiran ƙwayoyin halittar da take reno a faranti, waɗanda ba su san ranar hutu ba. Yanzu wayar ta yi tsit. Auta ta ci gaba da canza musu ruwa, tana share hawaye da kafaɗa don kada ta taɓa fuska da safa.

Wata safiya ta shigo ta ji firiza tana ƙara, irin ƙarar da take yi idan an bar ta a buɗe. Injiniya ne a tsaye gaban firizar, jakar kayan gyaransa a ƙasa, hayaƙin sanyi yana zubo masa a ƙafa. Shi yake kula da firizar, ya san ɓangaren Auta. Idonsa yana kan jerin kwalabenta na ruwan sassaƙen.

"Injiniya, rufe. Aikin mutane zai narke."

Ya rufe a hankali. Ya rame.

"Ban taɓa ba," ya ce. "Amma wallahi na yi niyya. Auta, uwata ce. Ko ɗigo ɗaya..."

Ba ta yi masa faɗa ba. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta ɗauko farar riga da safa ta ba shi.

"Saka. Zo ka gani."

Ta ɗora faranti a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan halittu.

"Waɗannan ƙwayoyin ciwon ne. Muna barinsu su cika farantin, sai mu ja layi a tsakiya, mu share musu hanya. Halinsu ne su rarrafo su cike gurbin, kamar yadda suke bin jiki. Duba wannan, ban sa masa komai ba."

"Ban ga layi ba."

"Sun cinye shi. To ga wanda na ɗiga wa ruwan sassaƙen."

Ya daɗe yana kallo. Layin yana nan fes, kamar titin da aka share.

"Sun tsaya," ya ce. "Likitata, sun tsaya! To me kike jira?"

Ta canza farantin.

"Waɗannan lafiyayyu ne, na hanta. Ɗigo ɗaya ne da na wancan."

Ƙwayoyin sun saki ƙasan farantin, sun dunƙule, suna yawo a ruwa kamar dusa.

"Me ya same su?"

"Sun mutu. Abin da ke tsayar da ciwon da abin da ke kashe hanta suna cikin ruwa ɗaya, ban raba su ba tukuna. Hantar Umma kuwa ga maganin asibiti tana fama da shi."

Ya zauna a kan doguwar kujerarta, ya kifa kai. Ta so ta dafa shi, ta tuna inda suke, sai ta tsaya kusa kawai.

"Me ya sa ba ki faɗa wa Yaya haka ba?"

"Ka san ni. In aka ɗaga min murya, maganata guduwa take."

Ya yi 'yar dariya cikin hawaye. "Ki yafe min. Na bar ki ke kaɗai. Za ki iya zuwa ki faɗa wa Umma da bakinki?"

Da yamma suka je. Ɗakin Umma yana ƙamshin man zafi, an jera mata matasai a baya. Yaya tana gefen gado, ko gaisuwar Auta ba ta amsa ba. Auta ta durƙusa, ta yi bayani tana kallon shimfiɗa, tana tuntuɓe da kalmomi. Umma ta saurara har ƙarshe.

"Matso, 'yata. Abu ɗaya zan tambaye ki. Wannan maganin naki, zai riske ni?"

Injiniya ya ɗago da sauri. Yaya ta zuba mata ido. Kalma ɗaya mai daɗi za ta iya gyara komai, kuma Auta ta san da haka.

"Rai na Allah ne, Umma. Amma aikin yana da sauran shekaru, kuma yana iya ƙin yiwuwa. Ban ce zai riske ki ba."

"Kin ji ko?" Yaya ta miƙe. "A gabanki take faɗa, ko tausayi..."

"Zauna," in ji Umma.

Yaya ta zauna.

Umma ta laluba ta kamo hannun Auta. Tafinta ba nauyi, amma da ɗumi.

"Tun da na kwanta, kowa a gidan nan cewa yake na kusa tashi. Ina da maganganun da nake so in bar muku, ba wanda ya yarda ya saurara. Yau na samu wadda zan yi hira da ita." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, sarkin gyara, ka kusa ɓata abin da ba ka da kayan gyaransa. Ka je ka gaya wa kawunka a matso da ranar auren. Ina so in gani da idona."

Yaya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ki tashi daga ƙasan nan, akwai sanyi."

Auta ta tashi ta zauna a bakin gadon. Umma ba ta saki hannunta ba.

"To, 'yata, fara daga farko. Wane itace ne?"