Ruwan Ƙanƙara a Bayan Garin Granby

Kwana huɗu ana ruwan nan. Can sama iska da ɗumi, don haka ruwa ne yake saukowa, sai ya taɓa abu mai sanyi ya daskare. Wayoyin wuta suka yi kaurin damtse, turakun da ke riƙe da su suka kakkarye kamar kara.

Ni da Ovila, abokin aikina, muna ɗaura waya da magariba, sai na ji murya a bayana: "Ɗana, yaushe za ku dawo mana da wuta? Gidana ya yi sanyi."

Wata tsohuwa ce cikin rigar barci. Titin da sai da ƙusoshi a takalmi muke takawa, ita ko santsi bai kwashe ta ba.

Na ce, "Iya, shiga motarmu ki ji ɗumi."

Ovila ya damƙe ni. "Kai, Gaetan, shafa fuskarka, sannan ka dubi tata."

Na shafa, ruwa ne ke gangarowa. Na haska ta. Ƙanƙara ta lulluɓe kumatunta har ƙwayar ido, sabon ruwa na sauka yana kamawa.

Ta ce, "Tun Talata nake jiranku."

Mu numfashinmu na fita da tururi cikin sanyin nan. Ita ko tururi bai fito daga bakinta ba.