Ƙirgen Ɗakin Kaya

Ranar Laraba ce, gab da magariba, na rufe kantin maganina na tafi ɗauko Auta daga makaranta. A ka'ida motar makaranta ke dawo da ita, amma a zangon nan ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo, su kuwa ba sa tashi sai motar ta tafi.

Makarantar kuɗi ce mai ƙungiyoyi birjik: ta muhawara, ta lambu, ta ɗinki, har da ta masu manna jarida a bango. Ni ma a nan na yi karatu, shekara ashirin da bakwai da suka wuce. Shi ya sa da Auta ta kawo takardar zaɓen ƙungiya na sa mata hannu a kan ta lambu. Ashe a hanya ta goge ta canza, ban sani ba sai da aka yi mako biyu.

Baba mai gadi ya buɗe mini ƙofa yana dariya.

"Maman Auta, yau kin yi yamma. Suna can bayan ɗakin taro, yau ne ƙirgen sababbin shiga."

Na taka birki. "Wane ƙirge, Baba? Ba an hana ba?"

"An hana a takarda. Yara kuwa kin san su, abin da suka gada ko da bulala ba sa bari."

A bayan dandamalin ɗakin taro akwai wani ɗaki da ake ajiye kayan wasa. Ba shi da taga, ƙofarsa ta ƙarfe ce, sakatarta a waje. Al'adar ƙungiya ita ce, duk sabuwar shiga sai an rufe ta a ciki ta ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari da babbar murya. Wata babba tana tsaye a waje tana saurare, ana ce mata mai ƙofa. In ta ciki ta tsallake lamba, mai ƙofa ta mayar da ita farko. Maganar mai ƙofa ba a musa ta.

A shekarata ta ƙarshe, ni ce mai ƙofa.

Akwai wata yarinya da muke kira 'Yar Usur, saboda tana da asma, in ta ja numfashi ƙirjinta yana fito. Da zuwanta malami ya ba ta babban matsayi a wasan ƙarshen shekara, matsayin da na shekara uku ina jira. Ranar ƙirgenta ta bar jakarta a kan benci, abin shaƙarta yana ciki. Ta ƙirga tsaf, ko lamba ɗaya ba ta tsallake ba. Sau uku na mayar da ita farko. A na huɗu ta kai tamanin da bakwai, ta yi shiru. Na ɗauka wayo ne, na ƙara jira.

Sauran 'yan ƙungiya suna kan dandamali, ba wanda ya ji. Na ce tsoro ne ya riƙa ruɗa ta. Makaranta ta ce ajali ne. Na haɗiye maganar, ko mijina bai sani ba.

Na bar motar a buɗe na nufi ɗakin taro. An ba ciyawa ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika filin. A ciki an jera kujeru kan juna, fanka ɗaya tana juyawa a hankali tana ƙara. Fitilar dandamali ce kaɗai a kunne.

A bayan labule na tarar da yara uku sun cure wuri ɗaya. Babbarsu tana jan ƙofar da hannu biyu tana kuka.

"Mama, wallahi na zare sakatar tun ɗazu. Ƙofar ce ta ƙi."

"Ina malamarku?"

"Ta je kai makullai ofis."

"Auta na ciki?"

Ta gyaɗa kai, ta yi ƙasa da murya. "Sau uku ke nan tana komawa farko. Ba ni nake ce mata ba, Mama. Daga ciki ake ce mata."

Na kara kunne a jikin ƙarfen. Sanyi gare shi kamar ƙanƙara.

"Tamanin da uku... tamanin da huɗu..."

Muryar Auta ce. Tsakanin kowace lamba wani siririn fito yana fitowa daga ƙirjinta. Auta ba ta taɓa yin asma ba.

"Ku ruga ku kira Baba mai gadi," na ce wa yaran. Suka bazama.

Na ɗora tafin hannuna kawai, ƙofar ta buɗe kamar labule.

Warin kafur da tsohon yadi ya bugi hancina. Na laluba cikin rigunan da aka rataye, na kamo hannun Auta, na hankaɗa ta waje. Kafin in bi bayanta ƙofar ta rufo. Na ji sakata ta shige da kanta.

Duhu.

A waje Auta tana tari, fiton bai bar ƙirjinta ba.

Wani abu ya motsa a cikin rigunan. Ƙarafunan rataya suka riƙa gogar juna, ɗaya bayan ɗaya, daga ƙuryar ɗakin zuwa inda nake.

"Sannu da zuwa, mai ƙofa."

Muryata ce. Muryata ta shekara goma sha bakwai, da yangarta da rainin da ke cikinta.

Na fara addu'a. Da ƙyar na ce, "'Yar Usur, ke ce?"

"Ita ta tafi inda ba ki isa ki dame ta ba. Ni a nan nake tun kafin a sa wa ɗakin nan ƙofa. A cinyata ta cika. Yara nawa suka shigo suka fita ban taɓa su ba, 'yarki nake jira."

"Ki bar ta. Ba ta san komai ba."

"Numfashinta yana hannuna. Ki kai ɗari in sake shi. Ƙirga."

Ni mai ƙirga ƙwayoyin magani ce, a wuni nakan ƙirga dubbai ban tsallake ɗaya ba. Na tattara hankalina na fara. Ɗaya, biyu, uku. Na bi su a hankali, kowace lamba da cikakkiyar murya. Na kai casa'in da takwas.

"Kin yi kuskure. Koma farko."

"Ban yi ba!"

"Ita ma haka ta ce."

Na koma. Iskar ɗakin ta yi kauri, kamar ana shaƙar auduga. A saba'in ta mayar da ni. Na sake. Rigunan suka matso, wani yadi mai sanyi ya kwanta a wuyana. A casa'in da tara ta yi dariya ta mayar da ni.

Sau uku ke nan.

Na san inda na huɗu yake ƙarewa.

Na durƙusa. Ƙirjina ya fara fito. Ta ƙasan ƙofar ina jin na Auta yana amsawa.

Tamanin da biyar.

Tamanin da shida.

Na tsaya.

"Ba ta yi kuskure ba," na ce.

"Ɗaga murya. Mai ƙofa ba ta ji ba."

Sai a lokacin na gane. Ba kowa a waje sai Auta, ita ce mai ƙofa yanzu.

Na manna bakina a ƙarfen. "Auta, ki ji ni. Na taɓa rufe wata yarinya a nan. Ta ƙirga daidai, na yi mata ƙarya sau uku saboda hassada. A tamanin da bakwai ta rasu, ina tsaye inda kike. Ni ce."

Numfashi mai sanyi ya sauka a kunnena. "Maganar mai ƙofa ba a musa ta. Ita za ta yanke."

Auta ba ta ce komai ba.

Na kira sunanta, murya ba ta fita ba.



Yatsu suka zagaye maƙogwarona, a hankali, ba gaggawa.

Can na ji muryar Auta, ƙasa-ƙasa, ba fito a cikinta.

"Ɗari. Ta cika. A buɗe."

Sakatar ta zare. Na faɗo waje da fuska, daidai lokacin da Baba mai gadi ya iso da guduma, malamar ƙungiya tana bin sa da gudu.

Washegari makaranta ta sa aka cire ƙofar gaba ɗaya. Sai da na yi wata guda ina cigiya kafin na sami mahaifiyar 'Yar Usur. Ta tsufa, idonta ya yi rauni. Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in tashi in fita mata daga gida. Na fita.

A kanti yanzu hamsin-hamsin nake ƙirga ƙwayoyi. Da zarar na doshi tamanin, ƙirjina ya fara fito.

Auta ta koma ƙungiyar lambu. Tana gaishe ni, tana yi mini aike, amma ta daina kwantar da kanta a kafaɗata. Sau ɗaya na tambaye ta, a mota, me ya sa ta yi jinkiri a ranar.

Ba ta dube ni ba.

"Ba jinkiri na yi ba, Mama. Sha ukun da suka rage wa waccan yarinyar na ƙirga."