Ƙofar Da Yaya Bai Buɗe Ba

Ranar da Auta ta fara shiga shagon Mai Gyara, rungume take da wani abu naɗe cikin tawul kamar jariri. Shagon ƙarami ne, ga tsofaffin talabijin jibge har rufi, ga warin sodar liƙa wayoyi. Shi kuwa mai shagon da ya ɗago kai ya gan ta, sai sukundireban hannunsa ya faɗi, ya bi shi ƙarƙashin tebur ya ƙume kai.

"Sannu," ta ce, tana danne dariya.

"Yauwa. Ai kullum haka nake tarbar baƙi."

Ta warware tawul ɗin. Tsohuwar na'urar gem ce ta wasa a talabijin, irin mai kaset, ta yayanta da ya rasu shekarun baya. A ɗakin Baba take zaune bisa kabad. Ran nan tana shara ta jona ta, hoto ya ƙi fitowa, shi ne ta faki idon kowa ta ɗauko.

Bai daɗe ba ya gano waya ce ta tsinke. Da ya haɗa ya kunna, wani kiɗa mai sanyi ya cika shagon, sai ya saki baki.

"Kin san abin da kika kawo kuwa? Gem ɗin jarumai huɗu ne masu neman dodon da ya sace rana. Mai shi ya kai ƙofar ƙarshe. Duba sunayen da ya sa musu."

Auta ta matso. Mai takobi sunansa YAYA. Wani tsoho mai lanƙwasasshiyar garkuwa, BABA. Mai jifa da wuta, MAMA. Wata 'yar ƙarama mai warkar da raunuka, AUTA.

Sai ga ta zaune kan wata matacciyar rediyo. Ba ta taɓa sanin duk yinin da Yaya yake yi gaban talabijin da su yake yawo ba.

Mai Gyara ya kau da kai har ta share ido, sannan ya yi mata bayani a hankali. Cikin kaset ɗin akwai wani batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da duk inda Yaya ya tsaya. Ya tsufa ƙwarai. Ranar da ya mutu, komai ya tafi.

"To kada ka taɓa komai," ta ce da sauri. "Yadda ya bar su nake so su zauna."

"Na yi miki alkawari."

Daga alkawari aka koma lambar waya, wai don ko na'urar ta sake lalacewa. Na'ura dai lafiyarta ƙalau, amma saƙo bai fasa zuwa ba.

"Mai Warkarwa, barka da rana. Wani bawan Allah ya ƙone yatsa da ƙarfen soda saboda tunani. Akwai magani a kantinku?"

A kantin magani take aiki, don haka ta amsa masa a sana'ance: "Akwai, Sarkin Ƙumewa. Ka rage tunani, safe da yamma."

"Wannan maganin ya fi ƙarfina. Ba wani?"

Lokacin hutun rana yakan kunna mata nasa kaset ɗin ya koya mata wasan tun daga farko. Tana danna maɓalli ba daidai ba, dodanni na cinye mata jarumai, shi kuwa yana rantsuwa bai taɓa ganin gwana irinta ba. Ƙarya yake yi, ta kuma sani, amma daɗi take ji har cikin ranta.

Da magana ta kai gaban Baba, tsohon shugaban makaranta mai gilashi a karan hanci, ko ɗago kai bai yi daga jarida ba.

"Mai gyaran kayan wasan yara? Ba a gidan nan ba."

"Baba, har talabijin yana gyarawa."

"Na gama magana. Kuma kada ya kuskura ya zo kusa da kayan yayanki."

Gwaggo na jin labari ta turo ɗanta, mai mota da turare, wanda in ya zo hira rabin lokacin wayarsa yake kallo. Auta ta riƙa kawo masa ruwa tana ƙirga zagayen fankar rufi. Mama dai sai wani murmushi da ba wanda ya gane kansa.

Ana cikin haka maɓallin hannun na'urar, wanda ake riƙewa a buga wasan, ya maƙale. Auta ta sake fakar ido ta kai wa Mai Gyara, ta baro ta can zuwa la'asar. Da ta dawo da ita gida ta kunna don ta gaida mutanenta, sai ta ga an sami canji. Lanƙwasasshiyar garkuwar BABA babu ita, wata ta zinariya ce a hannunsa, ga sulke sabo fil. An taɓa wasan Yaya.

Nan take ta rubuta wa Mai Gyara: "Abu ɗaya tak na roƙe ka. Ɗaya. Ashe Baba ya fi ni sanin mutane."

"Wallahi, Mai Warkarwa, ko kunna ta ban yi ba. Hannun kawai na buɗe. Ki ɗauki wayata."

Ba ta ɗauka ba. Ta yi kwana da kwanaki tana ba mutane maganin ciwon kai, nata kan kamar zai rabe.

Wata safiya ta manta makullin kanti, ta juyo gida. Tun daga tsakar gida ta jiyo kiɗan nan mai sanyi daga ɗakin Baba. Ta tura ƙofar a hankali.

Baba ne zaune dirshan a kan kafet, gilashi a karan hanci, hannun gem a hannunsa, yatsunsa na gudu kamar na ɗan makaranta.

"Baba!"

Ya zabura kamar wanda aka kama da hannu cikin tukunya. Mama ta leƙo daga kicin tana goge hannu.

"Yau dai an kama ka. Tun bayan rasuwar yayanki kullum kina fita yake kunnawa. Har faɗa yake wa tawa jarumar wai ba ta iya jifa ba."

Auta ta kasa rufe baki. "Kai ne ka canja garkuwar?"

"Ni ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Nawa nake ƙara wa ƙarfi. Na ce duk ranar da za a shiga ƙofar nan, in kasance ina iya tare wa yayanki. Wancan karon da mutuwa ta zo masa ban iya ba."

Ya dubi na'urar, ya ci gaba.

"Shi ya sa ba na son yaron nan. Masu gyara ba sa ganin abu su ƙyale shi. Amma Auta, yau da na kunna babu kowa, allon wayam. Sai da na kashe na sake kunnawa suka dawo. Yanzu tsoron kashewa nake ji."

Auta ta riga ta zaro waya tana rubuta wa Mai Gyara. "Ka yafe mini, na zalunce ka. Ka zo gidanmu yanzu, don Allah. Batirin ne."

Amsa ta zo nan take: "Ina hanya. Kada kowa ya taɓa soket."

Ya iso yana haki, da jakar kayan aiki. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya duba na'urar ba tare da ya taɓa ta ba.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Kafin in canja batir sai an kashe an zare kaset, kuma ban da tabbacin za su dawo. Abin da na sani, yanzu suna nan. In kana son ganin bayan ƙofar, to yau ne."

"Ka san abin da ke ciki?"

"Na sani."

"Faɗa mini."

"Ka gafarce ni, Baba. Wannan da idonka ya kamata ka gani."

Baba ya matsa gefe ya ba shi wuri a kan kafet. Ya danna maɓalli, ƙofar ta buɗe.

Suka ratsa wata gada mai rushewa, suka haura matakala cikin duhu. Mai Gyara na raɗa hanya, Baba na tare duk wani sara da aka kawo wa YAYA, Mama na tsaye da ludayi tana ihun a bar tata ta yi jifa. Ko ƙwarzane bai sami YAYA ba har suka kai zauren ƙarshe.

Nan wasan ya ƙwace kansa daga hannun Baba. Rufin zauren ya fara saukowa, YAYA ya ruga shi kaɗai ya tokare shi da kafaɗa don sauran su wuce.

"Kai! Dawo!" Baba ya riƙa danna maɓallai. "Ya ƙi motsi! Wane irin wasa ne wannan? Ga garkuwa a hannuna!"

"Ba a iya hanawa, Baba," Mai Gyara ya ce a hankali. "Ko wa ya buga, haka yake zuwa."

Rubutu ya fito a ƙasan allo. Auta ta karanta: "BABA, ka yi duk abin da za ka iya. Nan ba wurin garkuwarka ba ne. MAMA, kada ki waiwayo. AUTA, ki kai su inda rana take."

Mama ta saki ludayin. Baba ya cire gilashi ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Auta ba ta taɓa ganin kukan mahaifinta ba, ko ranar rasuwar.

Da ya mayar da gilashin, wani baƙo ne tsaye a allon, maƙeri mai guduma da jaruman suka taɓa ceta, ya ɗauki takobin YAYA yana neman ya bi su. Wasan ya tsaya yana jiran a ba shi suna.

Baba ya dubi Mai Gyara, ya dubi 'yarsa. Sai ya fara zaɓar haruffa ɗaya bayan ɗaya, a nutse, yadda yake rubutu a allon aji.

SURUKI.

Mai Gyara ya miƙe zumbur don kaɗuwa, ya ƙume kai da kabad.

"Zauna, ɗana," in ji Baba. "Karɓi hannun nan. Dodon yana jiranmu, ni kuma idona ba ya gani sosai yanzu."

Sun sha wuya kafin dodon ya faɗi, sau biyu AUTA tana tashin SURUKI daga ƙasa. Da rana ta fito a allon, Baba ya kalle ta har kiɗan ya ƙare, sannan ya miƙa hannu ya kashe na'urar da kansa.

Ba a daɗe ba aka ɗaura aure. Gwaggo ta yi fushinta ta huce, ɗanta ma ya zo, ya ɗauki hotuna da wayar nan tasa. Baba ya riƙe hannun ango da na amarya ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya sa ku zama garkuwar juna." Mama ta amsa da amin tana share ido.

Kaset ɗin kuwa, ango ya sa masa sabon batir, amma jaruman ba su dawo ba. Baba ya fara sabon wasa, da aka tambaye shi sunan mai takobi sai ya ajiye hannun ya kashe.

"Wannan gurbin," ya ce wa Auta, "na jikana ne. Zan jira shi."