Ba da Sabulu Ake Wanke Hoto Ba

Akwai wata yarinya, babanta mai hoto ne. Yana da tsohuwar kyamara mai fim. Kakarta kuwa Sarkin Sauri take kiranta, don ba ta iya jira.

Da ciwon Kaka ya yi tsanani, Baba ya ɗauke ta hotuna a ɗakinta. Ɗakin da duhu-duhu, sai ya murɗa gaban kyamarar.

"Me kake yi, Baba?"

"Buɗe mata ido nake. A duhu a buɗe, a rana a tsuke."

Kaka ta ce, "Kai dai kar ka fito min da wawulo." Suka yi ta dariya.

Ba a daɗe ba Kaka ta rasu. Ba ta da wani hoto sai na cikin fim ɗin nan.

"Baba, ina son ganin Kaka."

"Sai an wanke, 'yata. Bari hankalina ya dawo."

Ina! Ta kasa haƙuri. Ta ɗauko fim ɗin a ɓoye, ta laɓe bakin famfo da sabulu. Rana ƙwal. Ta kama ɗan harshensa ta yi ta ja daga gwangwaninsa. Ta wanke, ta ɗaga sama. Ba Kaka, ba komai. Ta cusa shi ƙarƙashin katifa.

Abinci ma ta kasa ci. Baba na ta birkita durowa yana cewa, "Ina na ajiye fim ɗin Inna?"

Ta fashe da kuka, ta kawo masa.

Bai yi faɗa ba. Ya zauna, idonsa ya cika da hawaye. Can ya ce, "Fim haske yake sha, amma kurɓi ɗaya, ƙiftawar ido. Ya yi kaɗan, hoto ya yi duhu. Ya yi yawa, ya ƙone. Ke kin ɗura masa rana gaba ɗaya. Wankin kuma da magani ake yi, a ɗakin duhu."

"Shi ke nan na ƙone Kaka?"

Ya jujjuya gwangwanin. "Tsaya. Ba ki jawo duka ba."

Wanda ya rage a ciki haske bai taɓa shi ba. Baba ya wanke shi, hoto ɗaya ya fito. Ga Kaka tana dariya, wawulo a waje.

Suka yi dariya, suka yi kuka.

Tun ranar, abin da ba ta gane ba, tambaya take yi kafin ta taɓa.